Ciwon ƙugun da hoto ba ya nunawa

Akwai wani irin ciwon ƙugu da duk wanda ya zauna da dattawa ya san siffarsa. Mai shi ba ya nuna tsakiyar gadon baya, sai ya ɗora tafin hannu a gefe, daidai inda mazagin wando ko ɗaurin zane yake zama, ya ce nan ne. Da asuba bayan ya ƙage, sai ya ɗan motsa kafin ya sake. Tsayuwa mai tsawo tana tayar da ciwon, ko a layin banki ko a sallar tarawihi. Sunkuyawa ba ta cika damunsa ba, ɗagowa ce aiki: daga ruku'u sai ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali. Miƙa hannu sama don sauko da kaya daga kanta, ko juyi a shimfiɗa cikin dare, duk suna kawo suka. Idan ya samu kujera ya zauna ya ɗan karkata gaba, sai ya ji dama. Ciwon kan gangara ɗuwawu da bayan cinya, wani lokaci har matsematsi, amma da wuya ya wuce gwiwa, kuma ba ya zuwa da mutuwar ƙafa ko jin yar-yar a yatsu.

A gida za a ce basir ne, ko sanyi, ko dattin mara. Mace kuwa a ce haihuwa ce ta cinye mata baya. A sha jiƙo, a kira wanzami ya yi ƙaho, a sayo haɗi a kemis. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a tara kuɗi a yi hoton MRI, a dawo da takarda cike da kalmomi masu tayar da hankali. A cikin masu wannan fama akwai wani kaso da tushen ciwonsu yake a wasu ƙananan gaɓoɓi da ke jere biyu-biyu a bayan ƙashin baya, waɗanda likitoci ke kira faset. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, ba a tabbatar da ciwon faset da hoto, komai tsadar hoton. Hanyar gane shi daban take, kuma rashin sanin haka yana jawo wa mutane asarar kuɗi da allurai marasa amfani.

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sannan faffaɗan ƙashin da ya shiga tsakanin kwatangwalo biyu. Na ƙugu su ne likita ke rubutawa L1 zuwa L5, saman faffaɗan ƙashin kuma S1. Kowane ƙashi yana zaune a kan na ƙasansa ta wuri uku, kamar tukunya bisa duwatsun murhu: a gaba akwai faifai mai taushi, a baya akwai faset biyu, dama da hagu. Idan dutse ɗaya ya nutse, sauran biyun ne za su ɗauki nauyin da ba nasu ba.

Faset cikakkiyar gaɓa ce, tana da guringuntsi mai santsi a fuskokinta biyu, da jakar da ta lulluɓe ta, da ɗan ruwan maiƙo a ciki, sai dai ƙarama ce ƙwarai, ruwan da za ta iya ɗauka bai wuce mililita 1 zuwa 2 ba. Aikinta shi ne ta tsara motsin ƙugu, ta hana shi murɗewa fiye da kima, ta kuma hana ƙashin sama zamewa gaba. Idan mutum yana tsaye, faset na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin da ke sauka a ƙugu. Idan ya bankare baya, nauyin ya ƙaru. Idan faifai ya soma bushewa yana raguwa da shekaru, sai kaya ya koma kansu sosai. Guringuntsi ya zaizaye, gefen ƙashi ya yi tsiro, jakar ta kumbura, a samu amosanin gaɓɓai irin wanda ake gani a gwiwa. Wuraren da abin ya fi shafa su ne tsakanin L4 da L5, da tsakanin L5 da S1. Tsufa ne babban dalili, sai ƙiba, da tsohon buguwa na haɗarin mota ko babur, da duk abin da ke sa ƙugu ya riƙa lanƙwasa baya na dogon lokaci.

Tun 1911 wani likitan ƙashi a Boston ta Amurka, Joel Goldthwait, ya kawo zancen cewa waɗannan gaɓoɓi na iya haddasa ciwon ƙugu, kuma a 1933 Ralph Ghormley na asibitin Mayo ya ba ciwon suna. Shekara guda bayan haka wasu likitoci biyu, Mixter da Barr, suka fitar da aikinsu kan faifan da ke ɓullowa ya danne jijiya, sai hankalin likitoci ya koma kan faifai kacokan, aka yi shekaru ana haka. A 1976 wasu likitoci, Mooney da Robertson, suka zuba ruwan gishiri mai ƙarfi a cikin faset ɗin mutane, ciwo ya taso a ƙugu ya gangara ɗuwawu da cinya, da aka bi da maganin kashe zafi sai ya kwanta. An tabbatar ke nan gaɓar tana iya ciwo. Tambayar da ta rage, wadda har yau ake fama da ita, ita ce: wannan bawan Allah da ke zaune gaban likita, faset ɗinsa ne ke ciwo, ko wani abu daban?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna takamaiman wurin da ciwon ke fitowa. Ana kiran ciwo mai daɗewa idan ya haura wata 3. A cikin irin waɗannan, binciken da aka yi da allurar gwaji ya nuna faset ne tushen ciwo a kusan kashi 15 cikin 100 na masu ƙarancin shekaru, ya kuma kai kusan kashi 40 a dattawa. Wato ko a tsakanin tsofaffi, fiye da rabi ciwonsu daga wani wuri yake.

To me ya sa hoto ba zai raba gardama ba? Saboda zaizayar faset abu ne da kusan kowa ke samu idan ya manyanta, da mai ciwo da wanda bai taɓa jin ciwo ba. A 2015 an tattara hotunan mutum sama da 3,000 waɗanda bayansu lafiya lau, ba su da ƙorafin komai. An ga zaizayar faset a kashi 4 cikin 100 na 'yan shekara 20, a rabin 'yan shekara 60, da kashi 83 na 'yan shekara 80. Zaizayar faifai ma ta fi haka yawa: kashi 37 a shekara 20, kashi 96 a shekara 80. A garin Framingham na Amurka an yi wa jama'a hoton CT, aka samu amosanin faset a kusan kashi 60 na maza da kashi 67 na mata, kuma ba a ga alaƙa tsakaninsa da masu kukan ciwon baya ba. Haka kuma faset na iya ciwo matuƙa alhali a hoto ya fito tsaf. Abin yana ba ni takaici idan na ga magidanci ya sayar da abin hannunsa ya yi hoto, an karanta masa cewa ƙashinsa ya zaizaye, ya koma gida ya daina motsi don tsoron kada bayan ya ƙarasa. Takardar ta ƙara masa ciwo ne, domin tsoro da zaman wuri ɗaya suna cikin abubuwan da ke daɗar da ciwon baya.

Duba na hannu ma bai kai ga yanke hukunci ba. Likita zai sa mutum ya bankare baya ya juya gefe, zai danna gefen ƙashi ya ji ko akwai zafi, zai ɗaga ƙafa, ya gwada ƙarfin yatsu da jin taɓawa. Waɗannan suna taimakawa wajen ware wasu cututtuka. Ciwon faifai ya fi tsananta da zama da sunkuyawa da tari. Jijiyar da aka danne tana harba ciwo har ƙwauri da tafin ƙafa. Amma an gwada siffofin ciwon faset ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta isa a dogara da ita. Siffar da na zayyana a farko zato take bayarwa mai ƙarfi, ba tabbaci ba.

Kafin ma a zo maganar faset, akwai abin da ya wajaba a kawar, kuma a ƙasarmu wannan ya fi komai muhimmanci. Ciwon bayan da ke tafe da zazzaɓi, gumin dare da rama na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, wanda idan aka yi sakaci yake kai mutum ga ƙusumbi da shanyewar ƙafafu, alhali yana da magani. Makiyayi ko mahauci, ko mai shan madarar da ba a tafasa ba, yana iya kamuwa da cutar burusela, ita ma tana cin ƙashin baya. Mai sikila ciwon bayansa na da nasa hukuncin. Dattijon da ciwo ke hana shi barci ko yana kwance shiru, ko macen da ta taɓa jinyar kansar mama, ko namiji mai matsalar prostet (ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), dole a bincika ko cutar ta yaɗu zuwa ƙashi. Ciwon ƙoda da cututtukan mahaifa su ma suna aiko ciwo baya. Sai kuma alamar da ba ta jiran gari ya waye: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kuɓuce, matsematsi ya mutu, ƙafafu su yi rauni. Wannan asibiti ake nufa a ranar, domin jijiyoyin ƙasan laka ne ake dannewa. A irin waɗannan yanayi ne hoto da gwajin jini suke da amfani na gaske, a nan ya kamata kuɗin MRI ya tafi.

Idan an kawar da waɗannan, maganin farko ɗaya ne ko faset ne ko ba shi ba ne: motsi. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, ta ba da ƙarfi ga wayar da kan majinyaci, atisaye, tausa da gyaran gaɓɓai a hannun ƙwararru, da taimakon masana halayyar ɗan Adam ga wanda ciwo ya jefa cikin damuwa. Ta kuma ce a bar ɗamarar baya da ake ɗaurawa, da jan ƙugu da na'ura, da ƙwayoyi dangin tramadol. Sashen gashin ƙashi, irin wanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, nan ne wurin zuwa na farko. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka gashi shi ne a kunna fitila mai zafi a shafa man zafi. Zafin yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma atisayen da aka koya wa mutum ya je gida ya yi kullum shi ne maganin. Ga mai zaton faset, akan koya masa ya kwanta rigingine ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ya riƙa manna ƙugu da ƙasa yana ɗaure ciki, ya ƙarfafa naman ciki da na ɗuwawu, ya yi tafiyar ƙafa ko tuka keke. Mai aikin tsayuwa, kamar mai guga ko mai tsaron shago, ya ajiye ɗan kututture ya riƙa ɗora ƙafa ɗaya yana sauyawa. Wajen kwanciya a sa matashi ƙarƙashin gwiwa ko tsakanin gwiwoyi, a rage rub-da-ciki. Wanda doguwar tsayuwar nafila ke tayar masa da ciwo, addini ya yi masa sauƙin zama. Ana ba wannan hanya aƙalla wata 3 da gaske kafin a ce ta gaza.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma kaɗan ake sha kuma na ɗan lokaci, domin suna haddasa gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini. Haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda ba ya ƙara sauƙi, illa yake ninkawa. Haɗin da ake ƙullawa a leda sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, shi ya sa mai sha yake jin garau kwana biyu, bayan watanni kuma fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa matasanmu, kuma wasu da ciwon baya suka fara.

Wanda ya bi duk wannan ciwo bai sake shi ba, shi ne ake yi wa maganar allurar gwaji. Dabarar ta dogara ne da yadda jijiyoyin wurin suke. Kowace faset tana aika saƙon ciwo ta wasu siraran rassan jijiya guda biyu, ɗaya daga matakinta, ɗaya daga matakin da ke samanta. Waɗannan rassa ba sa zuwa ƙafa, kuma suna bin wani lungu sananne a jikin ƙashi, wanda ake iya gani a na'urar hoto. Idan aka kashe su na ɗan lokaci ciwo ya ɗauke, an gano inda yake fitowa. Majinyaci zai kwanta rub-da-ciki, matashi ƙarƙashin mara. A wanke fatar, a kashe ta, likita ya riƙa tura siririyar allura yana kallon allon na'urar hoton ƙashi mai nuna motsi nan take, har bakin allurar ya taɓa ƙashi a wannan lungu. Ya ɗiga ruwan da ke fitowa a hoto don ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba, sannan ya zuba maganin kashe zafi, rabin mililita ko ƙasa da haka. Ƙarancin da gangan ne, domin idan ya yi yawa zai malala zuwa nama da wasu jijiyoyi, ya kashe ciwon da ba na faset ba. Don gwada gaɓoɓi biyu na ƙasa a gefe ɗaya, allura uku ake yi. Ba a so a sa mutum barci mai nauyi, saboda maye na iya sa ya ce ya ji sauƙi.

Bayan mintoci sai a ce ya tashi ya yi abin da ke tayar masa da ciwo: ya bankare, ya juya, ya yi ruku'u ya ɗago, ya zaga. A ba shi takarda ya riƙa rubuta ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10 duk bayan awa. A nan ake yawan samun rashin fahimta. Mutum ya ji sauƙi na awa uku, da yamma ciwo ya dawo, ya ce allurar ba ta yi ba. Ta yi, domin tambaya aka yi da ita kuma ta ba da amsa. A cikin magungunan kashe zafin da ake zubawa, lidocaine awa ɗaya zuwa biyu yake yi, bupivacaine ya fi shi daɗewa da wasu awanni. Dawowar ciwon abu ne da ake jira.

Amsar ma takan yi yaudara. Sa rai da ganin an yi wa mutum aiki na musamman suna rage ciwo da kansu, kuma a wani bincike na 1994 an samu kashi 38 cikin 100 na amsar ƙarya idan allura ɗaya kawai aka yi. Shi ya sa wasu ƙwararru suka tsaya kan a yi gwajin sau biyu a ranaku daban, da magunguna biyu, kuma sai ciwo ya ragu da kashi 80 ko fiye. Wasu kuma, ciki har da taron ƙungiyoyin likitocin ciwo da ya fitar da matsaya a 2020, suka ce allura ɗaya da raguwar kashi 50 ta wadatar, domin tsanantawa tana hana wasu masu buƙata samun magani, tana kuma ƙara tsada. Kowane ɓangare da hujjarsa. A ganina, wanda zai biya daga aljihunsa, kuma aikin ƙona jijiya da ke biye ya ninka gwajin tsada, gara ya yi gwaji na biyu.

Akwai wata allura daban da ake zuba sitiroyid, maganin rage kumburi, a cikin gaɓar kanta a matsayin magani. Ana yinta da yawa, amma hujjarta ba ta da ƙarfi. Tun 1991 wani gwaji a Kanada ya nuna ba ta fi allurar ruwan gishiri da wani abin kirki ba, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a jagorarta ta 2016, ta ce kada a yi allurar baya don maganin irin wannan ciwo.

Abin da NICE ta amince a duba shi ne ƙona reshen jijiyar da zafin lantarki, bisa sharaɗin sauran hanyoyi sun gaza, ciwon ya kai 5 cikin 10 ko fiye, kuma allurar gwaji ta amsa. Wannan aiki ma da tarihinsa. A farkon shekarun 1970 wani likita a Ostareliya mai suna Rees ya riƙa yanka da wuƙar fiɗa ta cikin fata yana cewa jijiyar faset yake tsinkewa, ya yi iƙirarin kusan kowa ya warke, daga baya aka gano wuƙar ba ta ma isa inda jijiyar take. Norman Shealy a Amurka ya kawo amfani da zafin lantarki, sannan Nikolai Bogduk, masanin sassan jiki na Ostareliya, ya bi diddigin ainihin hanyar jijiyar. A 1987 shi da abokan aikinsa suka gwada allurar a cikin farin ƙwai da ɗanyen nama, suka ga ƙunar tana yaɗuwa ne a gefen allurar, kaɗan ne ke wuce bakinta. Ma'ana idan aka soka allurar a tsaye kan jijiya, ana iya ƙone gefe a bar ta da rai. Dole a kwantar da allurar a jikin jijiyar, su yi layi ɗaya. Wannan ɗan bambanci shi ke raba aikin da ya yi da wanda aka yi a banza.

Ranar aikin, shirin ɗaya ne da na gwaji, sai dai allurar ta fi kauri, jikinta a rufe yake ban da kimanin santimita ɗaya a baki, kuma ana manna wani faranti a cinya don lantarkin ya samu mafita. Kafin a ƙona, likita zai saki ɗan lantarki mai rauni. Idan naman baya ya riƙa harbawa, an zo wurin. Idan ƙafa ce ta motsa, allurar ta matsa kusa da babbar jijiya, sai a gyara. Daga nan a kashe wurin, a ɗaga zafi zuwa digiri 80 ko 90 na kimanin daƙiƙa 90. A ranar ake komawa gida. Baya kan yi tsami mako ɗaya ko biyu, wasu su ji ƙuna-ƙuna a fata na wasu makonni, kuma cikakken sauƙi sai bayan mako 2 zuwa 6. Tsoron shanyewar ƙafa da mutane ke yi abin fahimta ne, amma a hannun ƙwararre da na'urar hoto, babbar illa ba kasafai take faruwa ba. Mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, mai na'urar bugun zuciya, da mai ƙurji a wurin, dole su sanar da likita tun farko.

Ƙonawar ba ta gyara gaɓar, saƙon ciwo take katsewa, kuma jijiyar tana sake tohowa. Sauƙin kan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda, wani lokaci fiye. Wannan reshen kuma shi ke motsa wani ɗan nama mai riƙe ƙashin baya, don haka naman kan raunana na wani lokaci, dalili ke nan da ya sa atisaye ba ya faɗuwa bayan aikin.

Shin aikin yana yi? Nan masana suka kai ruwa rana. A 2000 wani likita mai suna Dreyfuss da abokansa suka tace majinyata da gwaji biyu mai tsauri, mutum 15 kawai suka tsallake, kuma bayan shekara kashi 60 cikin 100 nasu ciwon ya ragu da kashi 90. A 2017 kuma aka fitar da sakamakon babban gwaji daga ƙasar Holan, mai mutum 681, ciki har da 251 da ake zaton faset, inda ƙonawa haɗe da atisaye ba ta fi atisaye kaɗai da wani abin a zo a gani ba. Masu yin aikin suka ce an zaɓi majinyata da allura ɗaya, kuma ba a kwantar da allurar yadda ya kamata ba. A Fabrairun 2025 wani kwamitin ƙwararru ya fitar da shawara a mujallar likitoci ta BMJ cewa a daina allurai da ƙonawa don ciwon baya mai daɗewa, ƙungiyoyin likitocin ciwo da dama suka yi raddi. Abin da na fahimta daga wannan ja-in-ja shi ne, aikin yana taimakon mutane ƙalilan da aka tace sosai aka kuma yi musu shi daidai, idan aka buɗe shi ga duk mai ciwon baya kuwa, amfaninsa sai ya narke. Gwajin mutum 15 bai isa a gina alkawari a kansa ba, gwajin Holan kuma bai rufe ƙofa ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin aikin yana buƙatar na'urar hoto a ɗakin tiyata, da injin zafi, da likitan da ya koyi sana'ar, kuma mutanenmu da yawa suna kwasar takardunsu su tafi Indiya ko Masar ko Dubai neman maganin baya. Duk wanda aka yi wa tayin ƙona jijiya, a gida ko a waje, yana da haƙƙin ya tambaya: Likita, za a yi min allurar gwaji tukuna? Sau nawa? Da na'urar hoto za a yi? Sauƙin wata nawa zan sa rai? Wanda ya duba MRI kawai ya ce gobe a zo a ƙona, ya tsallake matakin da dukan aikin ya dogara a kai. Allurar da ake soka wa baya a makance, ba na'ura, ba ta gwada komai. Tiyatar haɗe ƙasusuwa da ƙarfe kuma ba maganin ciwon faset kaɗai ba ce. Wurinta daban ne, kamar inda ƙashi ya zame yana danne jijiyoyi, ko tsiron faset ya matse hanyar laka har mutum ba ya iya doguwar tafiya sai ya tsuguna.

Idan aka ƙona aka samu sauƙi na wata 6 ko fiye, sannan ciwon ya dawo da siffarsa ta da, ana iya maimaitawa, kuma yawanci yakan sake yi. Idan wata 3 ya wuce ba wani canji, maimaitawa ba ta da fa'ida. Sai a koma a sake duba mutum daga farko: gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da kwatangwalo, ƙwallon cinya, faifai, da yanayin barcinsa da damuwar da yake ciki, domin sau da yawa ciwon ƙugu mai daɗewa daga wuri fiye da ɗaya yake fitowa.